Motar da ke tashi yau ta ƙi gobe: ta ina ake fara bincike?

Motar da ta mutu murus ba ta da wuyar sha'ani. A ja ta zuwa gareji, bakanike ya buɗe, ya ga abin da ya lalace, a canza. Wadda ke cinye kuɗin mutane ita ce mai tashi yau ta ƙi gobe. Da safe ta tashi da murɗa makulli ɗaya, da azahar a bakin kasuwar Tahoua ta yi gum. A kira bakanike ya zo bisa babur, yana taɓa makulli ta tashi lafiya lau, ya dube ka ya ce, "Alhaji, ai motar nan ba ta da komai." Kuma gaskiya ya faɗa, a wannan lokacin ba ta da komai. Daga nan ake shiga canje-canje: wannan makon batir, mako mai zuwa demarer, wato na'urar da ke juya inji wajen tayarwa, bayan wata guda pompon mai, amma ranar da za ta ƙi sai ta ƙi.

Irin wannan matsala ba a kama ta sai a daidai lokacin da take faruwa, kuma a lokacin ba bakanike ne ke zaune a motar ba, direba ne. Shi ya ji ƙarar da ta yi, shi ya ga fitilun tablo da ke gabansa, shi ya san ko injin na da zafi ko ya kwana. In bai kula da waɗannan ba, duk gwanintar mai gyara lalube zai yi.

Abu na farko da za a tantance shi ne: da aka murɗa makulli, injin ya juya ko bai juya ba? Wannan tambayar kaɗai ta raba aikin gida biyu. In bai juya ba, ko ya juya da ƙyar kamar ana jansa, maganar tana tsakanin batir, manyan wayoyi, demarer da hanyar makulli. In ya juya da ƙarfinsa amma bai kama ba, to batir da demarer sun yi nasu aikin, sai a koma wajen mai, tartsatsin buji mai kunna man, da na'urorin da ke ba injin umarni. Abin takaici ne a ga mutum ya sayi sabon batir alhali injinsa na juyawa garau, ko ya canza buji alhali demarer ko motsi bai yi ba, kuma kullum ana yi.

Mu fara da wadda ba ta juyawa, don a nan aka fi samun matsalar mai zuwa da tafiya.

Demarer shi ne abin da ya fi komai jan wuta a mota. A ƙaramar mota mai fetur irin Corolla ko Starlet yakan ja amper 100 zuwa 200 a ƴan daƙiƙun da yake juya inji, a mai gazuwal irin Hilux ko Land Cruiser yakan haura 300. Rediyo da fitilun tablo kuwa ƴan amper kaɗan suke buƙata. Shi ya sa maganar nan da ake yawan yi, "ai wuta na nan, fitilu na kamawa, oda na yi," ba ta wanke batir ba, ba ta wanke waya ba. Ƙofar da akuya ɗaya za ta bi ta wuce ba lallai garke ya iya bi ba. Mahaɗin waya da ya yi tsatsa ko ya saki zai bar wutar fitila ta wuce, amma da demarer ya nemi tasa sai hanya ta toshe. Kuma irin wannan mahaɗi ba ya zama a hali ɗaya. Zafi ya buɗa ƙarfe, sanyi ya tsuke shi, girgizar hanyar jar ƙasa da ke shiga ƙauyukan Adar ta motsa shi, yau ya taɓa da kyau, gobe ya taɓa da gefe. Asalin "wata rana ta tashi, wata rana ta ƙi" ke nan a mafi yawan motocin da ba sa juyawa.

Saboda haka kafin a taɓa aljihu a buɗe murfin inji a dubi kan batir da kyau. Sau da yawa za ka tarar da wani farin gari mai ɗan kore-kore ya taru a gindin kos, wato maƙalin da ke riƙe waya a kan batir. Wani kos ɗin ya buɗe har noti ya ƙure bai kama ba, an buga masa ƙusa a tsakani ko an cusa guntun gwangwani don ya matse. Kama shi da hannu ka murɗa. In ya juya, ka sami abin zargi na farko. Bayan an gwada tayarwa ta ƙi, a taɓa kos ɗin biyu a hankali: wanda ya yi ɗumi ko zafi, a nan wuta ke maƙalewa. Gyaransa a kwance, a goge kan batir da cikin kos har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tamau, in ya lalace a sa sabo. Wajen kwancewa a fara cire kos ɗin ɓangaren ragi, wato mai alamar (-), wajen mayarwa shi ne na ƙarshe, don kada sifana ta haɗa wuta da jikin mota.

Akwai wayar da kusan kowa ke mantawa da ita, wayar mas, wadda ta tashi daga ragin batir zuwa jikin mota da jikin inji. Duk wutar da ta je demarer ta nan take dawowa. Tana can ƙasa cikin ƙura da mai, wani lokaci silin cikinta sun tsintsinke saura kaɗan, wani lokaci an sauke inji an mayar ba a ɗaure ta sosai ba. Gwajinta ba shi da wuya. Ranar da motar ta ƙi, a ɗauki waya ɗaya cikin wayoyin da ake ba mota wuta da su, a maƙala baki ɗaya a ragin batir, ɗayan a wani tsaftataccen ƙarfe na jikin inji, a murɗa makulli. In ta tashi nan take, mas ne.

Sai kunne. Ƙarar da mota ke yi lokacin da ta ƙi tana faɗin abubuwa da yawa. In ka ji kat-kat-kat da sauri fitilun tablo na lumshewa, wutar da ke isa demarer ba ta kai ba, ko batir ya yi sanyi ko mahaɗi ya toshe. In ka ji wiii, demarer na gudu shi kaɗai inji bai motsa ba, ɗan haƙorin da ke fita ya kama inji ne ke zamewa. In shiru ne ɗungurungum, fitilu na nan da haskensu, to umarnin ne bai isa demarer ba: makunnin da ke bayan makulli, ko rele, wato ɗan makunnin wuta da ke miƙa umarnin, ko fizibil, wato fis, da ya saki a mazauninsa. A mota otomatik akwai makunnin da ke hana ta tashi sai giya na kan P ko N, in ya tsufa yakan ƙi a P ya yarda a N, don haka a taka birki a mai da giya N a sake gwadawa. Wasu masu kuloci ma ba sa tashi sai an take shi har ƙasa, kuma tabarmar ƙafa da ta naɗe a ƙarƙashinsa ta isa ta hana.

Wadda ta fi yawa a motocin Toyota da suka cika garuruwanmu ita ce ƙwas guda ɗaya mai ƙarfi, sannan shiru, fitilu ba su rage haske ba. Ka sake murɗawa, ƙwas. A karo na huɗu ko na biyar ta tashi kamar ba ita ba. A cikin kan demarer ɗin irin waɗannan motoci akwai ƴan guntayen jan ƙarfe biyu da wani faifai da ke bugo su ya haɗa babbar wuta. Duk tayarwa sai an yi tartsatsi a wurin, shekara da shekaru, har guntayen su cinye. In aka kwance aka ɗora su a tafin hannu za ka ga ɗaya ya zaizaye ya yi mataki, ya yi baƙi, ya fi ɗan'uwansa siranta, shi ya sa faifan ke sauka a karkace, wani bugun ya haɗa wani ya kuskure. Waɗannan guntaye ana canza su su kaɗai, kuma mai gyaran wutar mota da ya san aikinsa zai yi haka. A ganina gyara demarer na asali ya fi sayen sabo mai araha da ba a san inda aka ƙera shi ba. Haka ma sharbon ciki, wato ƴan guntayen da ke kai wuta ga ɓangaren demarer mai juyawa, in ya cinye, yakan taɓa yau ya ƙi gobe. Shi ne dalilin da ya sa in yaron mota ya ɗan ƙwanƙwasa demarer da ƙarfe sai ta tashi. Wannan ƙwanƙwasawa shaida ce mai kyau cewa laifin na cikin demarer ne, amma kada a mai da ita abin yi kullum, don yawancin demarer na yanzu suna da maganaɗisu a ciki wanda duka mai ƙarfi ke fasawa.

Duk wannan kunne ne da ido. Mai tabbatarwa ita ce ƴar na'urar awon wuta, wadda bai kamata a rasa ta a kowane gareji ba. Batir mai lafiya da ya cika, bayan ya huta wasu awoyi, yana nuna bolt 12.6. In ya nuna 12.2 ya kai rabi. Amma awon batir yana zaune bai isa ba, sai an auna lokacin da ake murɗa makulli: in ya faɗi ƙasa da 9.6, batirin ya gaji ko bai da caji. In inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5, alamar alternater, wato na'urar da ke cajin batir, na mayar da wuta. Akwai kuma awon da ba kasafai ake yi ba alhali shi ne ke tona asirin waya: a sa tsinke ɗaya a kan batir na ƙari, ɗayan a kan notin da babbar waya ta shiga demarer, wani ya murɗa makulli. Abin da na'urar ta nuna shi ne wutar da ta ɓace a hanya, kuma bai kamata ya wuce rabin bolt ba. A maimaita tsakanin ragin batir da jikin inji. Wayar da ke da kyau a ido amma ta ruɓe a cikin robarta, ta haka kaɗai ake gane ta.

Yanayinmu ma yana da hannu. Mutane na ɗora wa sanyi laifin kashe batir, amma zafi ne ke cin sa. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tahoua ke haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin murfin inji ya fi haka nesa, ruwan batir na ƙonewa, farantan ciki na zaizayewa. Batirin zai ci gaba da lallaɓawa har damina ta wuce, sai asubar Disamba ko Janairu, da man inji ya yi kauri shi kuma sanyi ya rage masa ƙarfi, ya kasa. Da hantsi ya ɗaga ya tashi motar, mai ita ya ce ai ta warke. In batirin mai murafu ne a riƙa duba ruwansa, kuma ruwan batir tatacce ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan rijiya ko na pompo ba.

In kuwa motar ba ta ƙi sai ta yi kwana biyu ko uku a ajiye, wani abu ne ke shan wuta bayan an kashe ta. Mota a kashe bai kamata ta ja fiye da kamar miliamper 50 ba. A fara zargin abubuwan da aka ƙara mata daga baya: rediyo, ƙararrawar ɓarayi, na'urar bin sawu, cajar waya da aka haɗa kai tsaye da batir. Akwai kuma wata al'ada da nake roƙo a bari, ta cire kan batir inji na aiki wai don a gwada alternater. A tsofaffin motoci an yi an tsira, amma a mota mai kwamfuta wutar kan yi tsalle ta ƙona abin da ya fi batir da alternater tsada.

Yanzu ɗaya gidan: inji na juyawa da ƙarfi amma bai kama ba. A nan kada a yi ta murɗawa. Daƙiƙa 10 zuwa 15 sun isa, a bar demarer ya huce, in ba haka ba a ƙara wata matsalar a kan ta farko.

A mota mai fetur ta zamani, da ka buɗe makulli kafin ka tayar, pompon da ke cikin tanki yakan yi wani siririn zuuu na daƙiƙa biyu ko uku. A kashe rediyo a saurara, ko wani ya kasa kunne a bakin tanki. Ya kamata direba ya saba da wannan ƙara tun motar na lafiya, don ranar da babu ita ya gane. In babu, ko pompon ne, ko relensa, ko wayarsa. A akwatin fizibil sau da yawa akwai wani rele iri ɗaya da shi, mai lamba ɗaya, kamar na oda, sai a musanya su a gani. Shi pompon, man da yake ciki ne ke sanyaya shi, don haka yawo kullum da lita biyu ko uku a gindin tanki cikin wannan zafi yana rage masa kwana. Man kwalba na bakin titi kuma, wanda wani lokaci babu makawa sai shi in mutum ya yi nisa da gidan mai, yakan zo da ƙura ko ruwa, su taru a matatar mai. In motar na daɗewa tana juyawa kafin ta kama bayan ta jima a ajiye, a gwada buɗe makulli a rufe sau uku kafin a tayar. In hakan ya sa ta kama da wuri, man ne ke zurarewa ya koma tanki.

Akwai wata alama da ke da saurin ganewa in an san ta. Mota ta tashi lafiya da safe, ka yi tafiya daga Tahoua zuwa Badagishiri ko Ƙonni, ka tsaya salla ko cin abinci, ka dawo ta yi ta juyawa ta ƙi kamawa. Bayan rabin awa ko awa guda ta tashi da kanta. Wannan ya fi kama da ƴar na'urar da ke jikin inji tana gaya wa kwamfuta cewa inji na juyawa da kuma inda fistin yake. Siririyar wayar da ke naɗe a cikinta takan rabu in ta yi zafi, ta sake haɗewa in ta huce. Muddin kwamfuta ba ta sami wannan saƙo ba, ba za ta saki mai ko tartsatsi ba. A motoci da yawa allurar da ke nuna gudun inji takan ɗan motsa lokacin da ake tayarwa, in ta kwanta shiru a ranar da motar ta ƙi, zargin ya ƙara ƙarfi. Bobin da ke ba buji wuta ma yakan yi irin wannan hali da zafi.

Sai makulli kansa. Motocin da aka yi wa kasuwar Turai tun wajen 1998 suna da kariyar sata, wato wani ɗan ƙwaya a cikin kan makulli da motar ke karantawa kafin ta yarda ta tashi, kuma da yawan motocin da ke shigo mana na hannu daga can suke. In ƙwayar ta tsage, ko zoben da ke karanta ta a bakin makulli ya fara gajiya, wata rana ta karanta wata rana ta kasa. Wasu sun yanka sabon makulli a kasuwa, aka manne tsohuwar ƙwayar da salatif kusa da zoben, zafi ya saki mannin ta ɗan gusa. Alamar ita ce ƴar fitila mai hoton makulli ko mota da kwaɗo ta ci gaba da ƙiftawa. In akwai makulli na biyu, shi ne gwaji mafi sauƙi. Da damina kuwa, ko bayan an wanke inji da ruwa mai ƙarfi, laima kan shiga mahaɗan waya da hular rarraba wuta ta tsofaffin motoci, rana na bugawa ta bushe.

Mai gazuwal ba ta da tartsatsi, nata lissafin daban ne. In da sanyin safe kaɗai take wahala, ta tashi da farin hayaƙi tana karkarwa, a duba bujin ɗumama inji da relensu. In bayan ta kwana ne ko ta jima a tsaye, a kowane yanayi, yawanci iska ce ke shiga layin mai ta wani tiyo da ya tsage ko robar matata da ta saki. Irin wannan tsagewa ba ta ɗigar da mai a ƙasa, iska kawai take zuƙa, shi ya sa ba a ganinta. A danna ɗan pompon hannu da ke kan matata har ya yi tauri sannan a tayar. In ta kama nan da nan, an gano bakin zaren.

To ina amfanin sa wa mota kwamfuta? Yana da amfani, amma an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Motocin Amurka tun 1996, na Turai masu fetur tun 2001 da masu gazuwal tun 2004, duk suna da mahaɗi mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake karanta lambobin matsala. Lamba irin P0335 tana nuna layin waccan na'ura mai lura da juyawar inji, kuma takan zauna a ajiye ko bayan motar ta tashi. Sai dai lambar layi take nunawa, ba ta ce na'urar ce ta mutu ba, yana iya zama waya ce ta goge a jikin ƙarfe ko mahaɗi ya cika da mai. Kwamfuta kuma ba ta ganin kos mai tsatsa ko jan ƙarfen demarer da ya cinye, hasali ma ƙarancin wuta kan sa ta tara lambobin da ba su da tushe. Kuma kada a cire kan batir kafin a karanta, don a motoci da yawa hakan na goge abin da aka ajiye.

Akwai wani abu da ya shafi mu masu mota, kuma ina ganin shi ne ke ciyar da wannan canje-canje gaba. Ba mu saba biyan kuɗin bincike ba. Bakanike zai yi awa biyu yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, ya gano noti ne ya saki, ya ɗaure, mai mota ya ce, "Maigida, ai ba ka canza komai ba," ya miƙa masa kuɗin goro. Wanda ya ce a sayo demarer kuwa a biya shi cikakken kuɗin aiki. In haka ake yi, dole mai gyara ya karkata wajen canza kaya. Wanda ya gano ainihin matsala ya cancanci ladansa ko da abin da ya gyara bai kai girman ɗan yatsa ba. Shi ma direba ya taimaka da nasa: ranar da ta ƙi, ya ɗauki bidiyon tablo da wayarsa yana murɗa makulli, ƙara da fitilu duk su shiga, ya kuma riƙe ko inji na da zafi, awa nawa ta yi a tsaye, ina allurar mai take, wace irin hanya aka biyo. In za a canza wani abu, a canza ɗaya a jira a gani, a ajiye tsohon, don in ba shi ba ne a mayar.

Idan an yi duk wannan motar ta ƙi nuna halinta a gareji, ga mai tafiya irin ta Abalak ko Agadez wanda bai kamata ya kama hanya da shakka ba, akwai dabarar da masu gyaran wuta ke yi. A ɗauki ƙaramin ƙwan fitila mai bolt 12, a haɗa ƙafa ɗaya da siririyar wayar da ke kai umarni ga demarer, ɗaya da jikin mota, a jawo ƙwan zuwa inda direba zai gan shi, a bar shi nan ana yawo cikin gari. Ranar da ta sake ƙi, direba ya dubi ƙwan yana murɗa makulli. In ya kama da haske sosai demarer bai juya ba, laifin na demarer ne ko manyan wayoyinsa. In bai kama ba, a bar demarer a inda yake, a bi layin makulli, rele da makunnin giya. Ana iya yin haka a wayar pompon mai ga motar da ke juyawa ba ta kamawa.